Talatar Mama

Ranar da aka cire kalandar daga bangon kicin, ba wanda ya nemi jin ta bakin Mama. Masu fenti ne za su zo, sai Yaya Babba ya miƙa hannu ya zare ta daga jikin ƙusa, ya nannaɗe, ya ce daga yau an huta da zamanin takarda.

Matar Auta tana tsaye a wurin wanke-wanke, jaririyarta 'yar sati shida a kafaɗa, tana ganin yadda surukarta ta bi takardar da kallo. Kallo ne na ido ɗaya, don na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman ne ya rage, shi ma allura ke riƙe da shi. Duk bayan sati huɗu, ranar Talata, sai an kai ta asibitin ido an yi mata allura a cikin ƙwayar idon. Likita kuwa ya faɗa ya nanata, kada a kuskura a tsallake.

Kalandar ba wata abar a zo a gani ba ce. Kyautar wani kantin magani ce. Amma lambobinta manya ne, kowace ta kai tsawon yatsa, kuma su kaɗai ne rubutun da Mama ke iya karantawa ba tare da ta ce a zo a duba mata ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya, jan biro bai taɓa barin hannunta ba. Da shi take zagaye Talatar allura, ta rubuta sunan wanda zai kai ta a ƙasa, bi da bi: Yaya Babba, Anti, Auta. Ta kuma kafa doka. Duk wanda ba zai samu zuwa ba, sai ya tako da ƙafarsa har kicin ɗin, ya karɓi biron daga hannunta, ya soke sunansa tana kallonsa, sannan ya rubuta na wanda ya yarda ya karɓe shi. Cikin shekara biyu sau ɗaya tak aka yi haka. Soke suna a gaban Mama ba ƙaramin aiki ba ne.

"Mama, kin ga wannan?" Yaya Babba ya miƙo mata wayarsa. "Kalanda ce ita ma, amma mai hankali. Ni da Anti da Auta duk muna ciki. Ana gobe allura za ta yi ƙara a aljihun kowa. Ba mantuwa, ba kuskure."

Mama ta kawo wayar har dab da hancinta, ta karkata kai. "Ni dai tururuwa nake gani."

"Ai ba sai kin gani ba. Mu za mu gani miki."

"To, Allah ya sa ta fi ku jin magana."

Aka yi dariya. Ya karɓi katin asibitinta ya ɗauki hotonsa, ya jefa shi a aljihun riga, ya ce a mota zai fi tsaro.

Matar Auta ta goge hannunta da tsumma, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, ni ma a sa ni mana, tunda ni ce a gida da ita."

"Amarya, ke dai ji da jaririyarki da ɗinkin da aka yi miki. Wannan ta 'ya'ya ce. In aka yi yawa a ciki rikicewa take yi."

Anti, wadda ke ta amsa saƙon masu sayen kaya a shagonta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ki bar mu da uwarmu mana, mu ma mu samu ladan."

Amma matar Auta tana da nata lissafin. Talatar da ta wuce, ranar da aka yi wa Mama allura, ranar aka yi wa jaririyar rigakafi. Har Mama ta yi ta tsokana, tana cewa ita da takwararta rana ɗaya ake soke su, amma takwara ta fi ta raki. Nas ta rubuta ranar dawowa a katin yarinyar: bayan sati huɗu. Ranar jaririya ita ce ranar Mama.

Da sati ya zagayo Auta ya tafi aiki. Ƙarafunan sabis na waya suke kafawa a can nesa, inda shi kansa sabis ɗin bai kai ba tukuna. Wata biyu zai yi. Masu fenti suka gama suka tafi. Suka shafe bangon kicin fari fes, har da ƙusar, wadda ta rage a tsaye ba komai a jikinta.

Talatar ta zo. Tun ƙarfe bakwai Mama ta yi wanka, ta sa kayan fita, ta zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofa, jaka a cinya, baƙin tabarau ɗin da take sawa bayan allura a hannu. Matar Auta ta ajiye mata shayi, ta goya 'yarta ta tafi ɗakin shan magani na kusa. Ta bi layi, aka soki yarinyar ta yi kukanta ta yi barci. Da ta dawo rana ta take, Mama na nan yadda ta bar ta. Shayin ya yi sanyi har ya yi yana.

Sai a kira na uku Yaya Babba ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa. "Ina taro ne. Lafiya?"

"Yaya, Mama ce ke jira. Yau allura."

"Ai na matsar da ita sati mai zuwa. Yana nan a kalanda, ba ku gani... af. To na matsar dai."

"An gaya wa asibitin?"

"Amarya, na ce miki na gyara."

Mama ta ji komai, don kunnenta ras yake. Ta miƙo ƙafa. "Taro gare shi. Zo cire min takalmin nan, ya matse ni."

Abin da matar Auta ba ta sani ba a lokacin shi ne irin gyaran da aka yi. Yatsa ya ɗora a kan ranar, ya ja ta ƙasa layi ɗaya, ya saki. Bai kai ƙiftawar ido ba. Bai tako kicin ba, bai karɓi biro ba, ba wanda ya kalli fuskarsa.

Talata ta biyu Mama ta sake shiryawa. Ƙarfe goma matar Auta ta kira.

"Ba Anti ba ce? Na sa sunanta tun ranar Lahadi. Kira ta."

Anti ta amsa cikin hayaniyar shago. "Ni? Yaushe? Ke, wayar nan saƙo ɗari take kawo min a wuni, sharewa kawai nake yi. Kuma ai layin Yaya ne, don me zai jibgo min? Yau kaya ke sauka, ko ruwa ban sha ba. Bari in mayar da ita sati na sama. Ki ce wa Mama ina gaishe ta, in na tashi zan taho mata da ayaba."

Ayabar ta zo, a hannun mai babur.

Cikin satin nan ne Mama ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon ƙofar kicin.

"'Yar nan, masu fentin nan sun taɓa ƙofar nan ne?"

"A'a Mama, fenti kawai suka shafa."

"To ta karkace. Dubi nan tsakiya, ta yi ciki kamar mai ɗauke da juna biyu."

Matar Auta ta dubi ƙofar. A miƙe take sak. Sai ta tuna takardar da likita ya taɓa ba su mai layi-layi, ya ce ranar da layukan suka fara lanƙwasa a kawo ta ko ba ranarta ba ce.

"Mama, ki tashi in kai ki. Ga tasi nan a bakin titi."

"Da ɗanyen ɗinki da jaririya a baya? Ina da 'ya'ya uku, a ce surukata ce ta jawo ni asibiti? Kin tona musu asiri ke nan."

"Mama, idon fa."

"Idon nawa ne. Kuma ina katin? Kin san mutanen nan, ba kati ba kallo. Babba ya ce ya gyara. Ki bar yaro ya ji da aikinsa."

Yaron da take faɗa ya ba hamsin baya, furfura ta gama cinye masa gemu.

Matar Auta ta kira shi a kan katin. Ya ce katin yana cikin mota, motar kuma tana wurin makaniki, in ya karɓo zai aiko. Ta nemi mijinta kwana biyu a jere, waya ba ta shiga. A rana ta uku shi ya kira, iska na kaɗawa a bayansa.

"Yi sauri, a saman ƙarfe nake, nan kaɗai ake samun sabis. Ya mutuniyar tawa?"

"Lafiyarta lau. Mama ce. Sati biyu ke nan ba a yi allurar ba, ƙofa ma a karkace take ganinta."

"Yaya ya ce min ya gyara."

"Bai gyara ba. Kullum sai dai a matsar."

Muryarsa ta sauya. "Don Allah kada ki haɗa ni da yayyena. Kin san halin Anti, yanzu za ta ce matata ce ke juya gidan. In Yaya ya ce ya gyara, ya gyara. Ki yi haƙuri har in dawo."

Talata ta uku Mama ba ta sa takalmi ba, ta ajiye shi dai kusa da ƙafarta. Ba wanda ya zo, ba wanda ya kira. Da matar Auta ta bincika, kowa ya ce sunan ɗan'uwansa ya gani.

Kwanaki suka yi ta lalacewa a hankali, irin lalacewar da sai wanda ke cikin gidan ke gani. Mama ta zuba shayi a gefen kofi, ta ce butar ce ta yi yoyo. Ta daina tsince shinkafa, aikin da ta ƙwace wa kanta tun ranar da aka sallamo matar Auta daga asibiti, ta ce bayanta ke ciwo. Ta daina tambayar ƙarfe nawa, don kada a ce ta duba agogon bango. Abu ɗaya ne ba ta daina ba. Kowace safiya sai ta shiga kicin ta tsaya gaban ƙusar nan, kamar yadda ta saba shekara da shekaru, sannan ta juyo.

"Yau wace rana?"

"Alhamis, Mama."

"Nawa ga wata?"

Matar da ta koya wa ɗaruruwan yara rubuta kwanan wata a saman shafi, yau ita ke roƙon a gaya mata.

Ranar Asabar Yaya Babba ya zo, a cikin motar da aka ce tana wurin makaniki. Ya kawo tuffa da madara. Ya zauna kusa da ita ya ɗaga waya ya ɗauke su hoto, ya ce ta yi murmushi. Matar Auta ta lura Mama ba fuskarsa take kallo ba, kafaɗarsa take kallo, don ta gefen ido kaɗai take iya kamo shi. Shi bai lura ba.

"Babba, yaushe ne Talatar tawa?"

"Tana nan tafe, Mama. Tana cikin waya, ba inda za ta."

"To, Allah ya yi albarka."

Ba ta ce masa ƙofa ta karkace ba. Da ya tashi, matar Auta ta bi shi har bakin mota, jaririya a hannu.

"Yaya, don Allah katin. Ko ni sai in kai ta. Ganinta na raguwa, wallahi. Shayi ma a ƙasa take zubawa."

Ya buɗe aljihun mota ya ɗan birkita takardu, ya rufe. "Yana ofis, ina jin. Tsufa ne, Amarya. Shekararta nawa? Sati ɗaya ko biyu ba ya kashe ido. Su likitocin nan tsorata mutane suke yi don a riƙa zuwa."

"Sati uku ne ya wuce, Yaya."

Ya juyo ya dube ta sosai. "Ƙirga mana kike yi? Kin fi mu son uwarmu ne? Kafin ki san hanyar gidan nan wa ke kai ta?"

Ta sunkuyar da kai ta ba shi haƙuri. Wannan haƙurin da ta bayar ya daɗe yana cin ta. Ta koma ciki ta wanke tuffar, ta yanka wa Mama ƙanana-ƙanana.

Talata ta huɗu ma haka ta wuce. Ta biyar ita ce ranar rigakafin jaririya na gaba. Sati takwas ke nan cif rabon idon Mama da allura. Da safe matar Auta ta yi wa 'yar wanka ta sa mata riga. Yarinyar ta fara dariya a 'yan kwanakin, dariya mai sauti, da dasashi a waje. Ta kai ta ta ɗora a cinyar kakarta.

"Mama, dubi takwara, ke take yi wa."

Mama ta sunkuya. Ta matso da yarinyar, ta ja da ita baya, ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Ina jin ta," ta ce.

"Ga ta nan, dubi bakinta."

"'Yar nan, kunnuwanta nake gani. Da hular. Tsakiyar kamar an ɗiga tawada." Ta ɗora yatsa tana laluben kumatun yarinyar har ta samo bakin. "Au, ga shi nan. Dariyar take yi kuwa."

Matar Auta ba ta kira kowa ba. Ta ɗauko takalmin ta durƙusa ta sa wa Mama, ta goya 'yarta, ta ɗauki jaka.

"Ina za mu?"

"Asibiti."

"Na ce miki..."

"Mama, yau ko za ki tsine min sai mun je. Kama hannuna."

Can Mama ta miƙo hannun, ya wuce ta gefe, matar Auta ta kamo shi.

A wurin karɓar kati ta fara rattabo bayani tana ba da haƙuri, kati yana hannun babban ɗanta, su kuma ga halin da suke ciki. Ma'aikacin bai ma bari ta gama ba. Ya tambayi suna da shekarar haihuwa, ya danna 'yan maɓallai, ya ce su zauna a benci na biyu. Ko minti biyar ba a yi ba. Matar Auta ta zauna. Ashe sati uku da suka wuce ma haka za a yi.

Nas ɗin da ta ɗiga wa Mama magani ta gane ta. "Malama, ina kika shige? Sau uku muna kiran lambar da ke fayil ɗinki ba a ɗauka."

Lambar Yaya Babba ce. Ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba.

Likita ya daɗe yana kallon hoton bayan idon a jikin na'ura. Ya cire tabarau ya murza goshi, ya dubi matar Auta.

"Ke ce ke zaune da ita?"

"Ni ce."

"Kina zaune da ita, sati takwas? Ban gaya muku ba? Zo ki gani." Ya nuna mata wani wuri da bakin biro. "Jini ne ya zuba a nan, ya kwanta, ya fara zama tabo. Nan ne wurin da mutum ke ganin fuska da rubutu. Da lokacin da layi ya fara karkace mata kuka zo, da muna da abin yi. Yanzu zan yi allurar don mu tsare gefe-gefen, ta riƙa ganin hanya kada ta yi karo da bango. Amma tsakiyar ta tafi."

"Ba za ta dawo ba?"

"Ba za ta dawo ba."

Matar Auta ta buɗe baki, sunaye uku na kan harshenta. Mama ta riga ta.

"Likita, kada ka yi mata faɗa. Ni ce na manta."

Daga nan suka wuce wurin rigakafi, don ranar yarinya ba ta tsallakuwa. Mama na zaune a benci da auduga a ido da baƙin tabarau, takwararta na tsala kuka a ciki. Wannan karon ba wanda ya yi tsokana.

Auta ya baro aikin ya taho. Ranar Litinin bayan an tashi daga aiki suka haɗu a falo su uku, kowa da wayarsa a hannu, Mama na kujerarta, matar Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin.

Yaya Babba ne ya fara. Ya ce shi ya yi nasa, ga shi nan a rubuce, ranar kaza ya tura wa Anti. Laifin masu haɗa kalandar ne, da ya kamata in an sauya suna ta ƙi yin shiru sai mutum ya amsa. Anti ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta taɓa cewa ta karɓa ba, ita ma turawa ta yi, kuma komai rubutacce ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Auta ya duba tasa wayar ya ga sunansa ne a kai tun sati biyu da suka wuce, lokacin yana can inda ko gaisuwa ba ta shiga. Wa ya sa? Yaya ya ce ba shi ba ne. Anti ta ce ita dai ta ga wuri ba kowa ne.

Sannan, kamar an haɗa baki, suka juyo.

"Amma ke ma Amarya," in ji Anti tana share hanci, "kina gida kina kallo. Da kin faɗa da ƙarfi mana. Mu muna can ba mu san abin ya kai haka ba."

Auta bai ɗago ba. "Da kin matsa min ai da na taho."

Matar Auta tana da amsa, amma ba ta da wadda za ta buɗe ido.

Yaya Babba ya gyara murya. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, gaba za a duba. Ya samo wata kalandar da ta fi wannan, sau uku take ƙara, kuma wannan karon har Amarya za a sa.

Matar Auta ta miƙa wa mijinta jaririyar. Ta shiga ɗakin ajiya, ta janye ragowar bokitan fenti, ta zaro takardar daga inda aka cusa ta. Ta yi ƙura, gefe ɗaya ya ɗiga farin fenti. Ta warware ta a kicin, ta buɗe watan da ya wuce, ta rataye a jikin ƙusar. Ga jan zagaye nan a kan Talata, ga sunan Yaya Babba a ƙasa da rubutun Mama mai kyau, irin na allon aji. Ba a soke ba.

Ba takardar ce ke kai Mama asibiti ba, matar Auta ta san haka. Wayar ma ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba, duk abin da aka gaya mata shi ta riƙe. Nauyin ido ne ke kai Mama asibiti, nauyin tsayawa gaban uwa ka ce mata ba za ka zo ba. Shi aka sauke daga bango aka cusa bayan bokitan fenti. Da aka samu hanyar cewa a'a ba tare da an ga fuskarta ba, kowa ya faɗa, sau huɗu, kuma har yanzu ba wanda ya yarda ya faɗa.

"Mene ne nake jin motsinsa?" in ji Mama daga falo.

"Kalandarki ce, Mama. Na mayar."

"Kai ni."

Ta kamo ta suka shiga kicin a hankali. Sauran suka biyo suka tsaya a bakin ƙofa. Mama ta ɗora tafin hannu a kan takardar, ta shafa daga sama har ƙasa. Ta kawo fuskarta kusa har hancinta ya taɓa.

"Lambobin nan manya ne dai har yanzu?"

"Manya ne, Mama."

"To."

Ta laluba jakarta, wadda ba ta rabo da ita, ta zaro jan biron. Ta cire murfin. Ta miƙa shi wajen ƙofa, sai dai hannun ya nufi tsakanin Yaya Babba da bango, inda ba kowa.

"Babba."

"Na'am, Mama."

"Talatarka ce wannan, ba ka samu zuwa ba. Zo ka soke sunanka."

Bai motsa ba.

"Zo mana. Yanzu ai ba nauyi. Ba na ganin fuskarka."

Biron na nan a miƙe. Sai wayoyi uku suka yi ƙara a tare, ƙara mai daɗi, ɗaya a hannu, biyu a aljihu. Ranar da aka matsar ta ƙarshe suke tuna musu: gobe Talata, allurar Mama.